Me ya sa La(OH)₃ ya fi Lu(OH)₃ ƙarfin bes alhali cajinsu ɗaya?

Ɗalibar Kemistiri

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aji uku ne a sashen kemistiri, yanzu muna kan ƙarafan lantanaid, wato 15 ɗin nan daga lantanom mai lamba 57 zuwa lutetiyom mai lamba 71, waɗanda in aka haɗa su da sikandiyom da itiriyom suka cika 17 da ake kira ƙarafa masu wuyar samu. Akwai wata jimla da duk littafin da na buɗe sai na ci karo da ita: ƙarfin bes yana raguwa daga La zuwa Lu saboda ayon yana ƙanƙancewa. Na haddace ta, in ta fito a jarrabawa zan rubuta, amma har ga Allah ba ta zauna mini a kai ba.

La³⁺ dai ayon ne mai caji fozitif. Tun aji ɗaya aka koya mana cewa irinsa karɓar ilektiron yake yi, wato asid ne a ma'aunin Lewis. To ta ina kuma ya zama bes, har ake cewa wani ya fi wani? Sannan dukansu +3 ne. Da na duba girman, daga pikomita 103 ne ya sauko zuwa 86. Ragin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, shi ne zai sauya halin abu haka?

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai a lab ya faru. An ba mu ruwan lantanom naitiret, da na siriyom amoniyom naitiret mai launin ruwan goro ɗin nan, aka ce mu riƙa ɗiga amoniya muna kallon mita. Na siriyom tun mita ba ta kai pH 3 ba ya gurɓace, wani abu rawaya ya fara kwanciya a gindin bika. Na lantanom kuwa garau yake, muna ta ɗigawa, sai da mita ta doshi 8 sannan wani farin abu mai yauƙi ya bayyana. La da Ce maƙwabta ne a teburi, 57 da 58. In girma ne kaɗai ke aiki, me ya kawo wannan uwar tazara? Tsakanin caji da girma wanne ne babba? Don Allah a yi mini bayanin da zan gane, ba wanda zan haddace ba.

Tsohon Malami

Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki ta farko ita ce ƙofar sauran, kuma kina da gaskiya: La³⁺ asid ne. Abin da ake auna wa ƙarfin bes shi ne oksaid ɗinsa da haidroksaid ɗinsa, La₂O₃ da La(OH)₃. Abu ɗaya ake kallo ta fuska biyu. Gwargwadon ƙarfin ayon a matsayin asid, gwargwadon raunin haidroksaid ɗinsa a matsayin bes.

Ɗauki takarda ki rubuta M–O–H. Oksijin na tsakiya, ƙarfe na jansa ta nan, haidrojin na can gefe. In aka saka wannan a ruwa, a ina zai tsinke? Idan riƙon ƙarfen sako-sako ne, tsakanin M da O ake rabuwa, OH⁻ ya kama gabansa, kin sami bes. Idan kuwa ƙarfen ya damƙe oksijin, ya janyo ilektiron ɗinsa zuwa gare shi, haɗin O da H ne ke raunana, H⁺ ya fice, kin sami asid. Duk wannan babin bai wuce ja-in-jar nan ba.

Me ke ƙara wa ƙarfe riƙo? Yawan caji, da kusancinsa da oksijin. Ki danna tafin hannunki da ɗan yatsa, sannan ki danna da allura da ƙarfi iri ɗaya, za ki ji bambanci. Caji +3 da ya bazu a kan babban ayon ba ya ratsa oksijin kamar +3 da ya taru a kan ƙarami. Shi ya sa Cartledge a 1928 ya ce a raba caji da radiyos, z/r, a yi amfani da abin da ya fito wajen jera ayon.

Amma ni abin da na fi so ɗalibi ya yi shi ne ya tsayar da ɗaya ya motsa ɗaya. Za mu auna da pKa na ruwan da ke manne da ayon, wato sauƙin da wannan ruwan ke sakin H⁺. Ƙaramar lamba, asid mai ƙarfi.

Tsayar da girma tukuna. Na⁺ pikomita 102 ne, Ca²⁺ 100, La³⁺ 103. Kusan tagwaye ne a jiki. Ruwan da ke jikin Na⁺ kamar bai san da shi ba, pKa wajen 14. Na Ca²⁺ wajen 12.8. Na La³⁺ wajen 8.5. Ki ƙara da Th⁴⁺, wanda bai yi nisa da su ba da 94, sai ki ga ya faɗo wajen 3. Kowane ƙarin caji ɗaya yana jefa lambar ƙasa, daga Na⁺ zuwa Th⁴⁺ matakai wajen 11 ke nan.

Yanzu tsayar da caji a +3 ki motsa girma. La³⁺ 8.5, Lu³⁺ wajen 7.6. Kin ratsa ƙarafa 15 ba ki ci ko mataki ɗaya cikakke ba. To kin ga amsarki: caji ne babba, nesa ba kusa ba. Girma yana aiki ne a cikin iyakar da caji ya shata.

Abin da kika gani a lab ke nan. Ba La³⁺ da Ce³⁺ kika gwada ba, La³⁺ da Ce⁴⁺ kika gwada. Kuma ƙarin caji duka biyu yake ci, domin in ayon ya rasa ilektiron ɗaya sai ya ƙara tsukewa. Ce³⁺ 101 ne, Ce⁴⁺ 87. Ga wani abin da nake so ki riƙe: Yb³⁺ shi ma kusan 87 ne. Girma ɗaya da Ce⁴⁺. Amma haidroksaid ɗin itabiyom ba ya fara kwanciya sai pH ya wuce 6, na Ce⁴⁺ kuwa kin gani da idonki.

Saura batun ƙanƙancewa. Victor Goldschmidt ne ya raɗa mata suna a 1925. Duk matakin da kika taka daga La zuwa Lu, an ƙara furoton ɗaya a tsakiyar atam, an ƙara ilektiron ɗaya a 4f. Su obital ɗin 4f a ciki suke binne, kuma siffarsu ba ta ba su damar tare ƙarfin tsakiya da kyau. Saboda haka ilektiron ɗin 5s da 5p, waɗanda su ne fatar ayon ta waje, suna jin ƙarin jan nan, sai su matso. Kowane mataki pikomita ɗaya ne da ɗan abu. Ba yawa, amma ba ya komawa baya.

Kada kuma ki raina ragin don bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ma'aunin pKa na ninki goma-goma ne, mataki ɗaya na nufin ninki goma. A narkewar haidroksaid abin ya fi fitowa fili, tunda OH⁻ uku ne ke shiga lissafin: Ksp, wato ma'aunin narkewa a ruwa, na La(OH)₃ wajen 10⁻¹⁹ ne, na Lu(OH)₃ kuwa ya doshi 10⁻²⁴. Moeller da Kremers, waɗanda suka tattara wannan batu a 1945, sun nuna lantanom na fara kwanciya a wajen pH 7.8, lutetiyom a wajen 6.3. A can farkon layi La₂O₃ yana shan ruwa har da ɗaukar zafi, halinsa na neman na CaO. A can ƙarshe kuwa Yb(OH)₃ da Lu(OH)₃ suna iya narkewa a NaOH mai kauri da zafi, su ba da [Lu(OH)₆]³⁻ da ɗan'uwansa. Bes ɗin da ya yarda ya narke a cikin bes, ai ya fara ɗaukar halin asid.

Mai Aikin Lab

Malam ya gama da ka'ida, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanwata, bari in ƙara miki daga ɓangaren mu da ke taɓa kayan da hannu.

Duk wanda ya taɓa auna La₂O₃ ya san ƙarfin bes ɗinsa ba zancen littafi ba ne. Ki buɗe kwalba ki bar garin a sarari, zai yi ta zuƙar danshi da CO₂ daga iska yana ƙara nauyi. In ya koma La(OH)₃ gaba ɗaya, giram 326 ya zama 380, ƙarin kusan kashi 17 cikin ɗari. Shi ya sa kafin mu auna shi sai mun gasa shi a tanderu a wajen digiri 900 zuwa 1000, mu sanyaya shi a desiketa, mu ɗora a sikeli da hanzari. In kin yi jinkiri za ki ga lambar ƙarshe a sikelin tana hawa da kanta. Yb₂O₃ da Lu₂O₃ ba su da wannan rawar kan. Haka wajen narkarwa: La₂O₃ da ya ji asid tsarma ya tafi, oksaid ɗin masu nauyi sai da ɗumi da haƙuri, CeO₂ kuwa in an gasa shi sosai taurin kansa sai ya gajiyar da mutum.

Wannan bambancin ne ma ya tono lantanom tun asali. An gano siriya, wato oksaid ɗin siriyom, a 1803, aka shekara fiye da talatin ana ɗaukarsa abu ɗaya. A 1839 Carl Gustaf Mosander a Suwidin ya gasa siriyom naitiret, ya zuba wa abin da ya rage naitirik asid tsarma. CeO₂ mai +4 ya ƙi narkewa, wani oksaid mai ƙarfin bes da ke ɓoye a ciki ya bi ruwa. Shi ne lantana, oksaid ɗin lantanom. A 1843 kuma ya riƙa ɗiga amoniya kaɗan-kaɗan a ruwan itiriya, wato oksaid ɗin itiriyom, yana kwashe abin da ya riga kwanciya, mai raunin bes ya riga mai ƙarfi, har ya fitar da abiya da tabiya, wato oksaid ɗin Er da Tb. Kusan abin da kuka yi a bika ke nan.

In kina da dama ki roƙi a ba ki gishirin Ce³⁺ ki sake gwajin. Za ki ga yana jira har wajen pH 7 da rabi kamar maƙwabcinsa, ya ba da farin haidroksaid. Ki bar shi a buɗe. A hankali zai dusashe, ya ɗan yi shuni-shuni, ya ƙare a rawaya, iska ta mayar da shi +4. Masana'antu da wannan suke cire siriyom tun farko: a mayar da shi +4, a daidaita pH a ƙasa, shi ya kwanta, sauran su zauna a ruwa.

Yurofiyom kuma ta ɗaya gefen yake fita. A sa masa zink ya sauko Eu²⁺, girmansa ya tashi daga 95 zuwa 117, kusan daidai da Sr²⁺ mai 118. Caji ya ragu, jiki ya ƙaru, sai ya koma yin hali irin na su sitirontiyom da bariyom. Amoniya ba ta kwantar da shi, alhali ta kwantar da 'yan'uwansa masu +3, salfet kuma yana kama shi ya ba da EuSO₄ da ba ya narkewa.

Gargaɗi ɗaya kawai, da izinin Malam. Lambobin pH na kwanciya kada ki ɗauke su kamar lambar atam. Suna motsi da kaurin ruwan, da zafi, da irin gishirin da kika fara da shi. Sau da yawa abin da ke fara kwanciya ma ba M(OH)₃ zalla ba ne, yana riƙe da naitiret ko kuloraid a jikinsa, in kuma amoniyar ta sha iska kabonet ma ya shigo. Jerin ne abin dogaro.

Ɗalibar Kemistiri

Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya. Misalin Na⁺ da Ca²⁺ da La³⁺ ya buɗe mini ido, na Ce⁴⁺ da Yb³⁺ kuma ya ƙarasa.

Sai dai na zauna na yi lissafin z/r da kaina, na haɗu da abu biyu da suka ƙi shiga layi. Itiriyom lambarsa 39, a saman lantanom yake a teburi, amma littafi ya jera shi can cikin masu nauyi wajen holmiyom. Sannan Al³⁺ pikomita 53.5 ne, Sc³⁺ 74.5, duka +3. Bisa ka'ida Al³⁺ ya kamata ya fi zama asid. Amma teburin da na gani ya ba Al³⁺ pKa wajen 5.0, Sc³⁺ wajen 4.3. Ka'idar ce ta karye, ko akwai abin da ban sa a lissafi ba?

Ɗan Jiyoloji

'Yar'uwa, na itiriyom bari in amsa, don mu a wajen duwatsu kullum da shi muke kwana. Ba sabawa ka'ida ya yi ba, shi ne ma babban shaidarta. Y³⁺ 90.0 ne, Ho³⁺ 90.1. Sauka daga Y zuwa La ya ƙara girma kamar yadda aka saba a kowane rukuni, sai ƙanƙancewar 4f ta yi ta cinye ƙarin nan har aka dawo girman Y a daidai holmiyom. Nauyin atam ɗin Ho ya kusa ninka na Y, 165 da 89, amma oksijin ba ruwansa da nauyi. Caji da girma yake gani.

Dutse ma haka yake zaɓe. Monazait da zenotaim duka fosfet ne. A monazait gurbin ƙarfe babba ne, oksijin 9 ke kewaye da shi, don haka La, Ce, Pr, Nd ne ke cika shi. A zenotaim gurbin ƙarami ne mai oksijin 8, sai ki tarar da Y tare da Dy, Er, Yb. Wannan cakuɗuwar ce ta sa ma'adinin da masanin kemistiri Gadolin ya bincika a 1794, daga ƙauyen Ytterby na Suwidin, ya yi ta haihuwar ƙarafa har huɗu suka ɗauki sunan ƙauyen.

Eu²⁺ da aka ambata mu ma muna ganinsa. A narkakken dutse mai ƙarancin oksijin yana shiga gurbin Ca²⁺ a ma'adinin filajiyokilas ya bar 'yan'uwansa a baya. Duwatsun da aka kwaso daga wata sun nuna haka ƙarara: na tuddai suna da rarar yurofiyom, baƙaƙen duwatsun kwari suna da giɓinsa.

Tsohon Malami

Madalla 'yata, wanda ya yi lissafi da hannunsa shi ke cin karo da irin wannan. Lambobinki daidai suke. Abin da ya faru shi ne kin kai z/r bakin iyakarsa.

Lissafin nan yana ɗaukar ayon a matsayin dunƙulallen abu mai tauri da caji a kansa, ba ya raba ilektiron da kowa. Ga La zuwa Lu wannan zato ya kusa gaskiya, domin 4f na ciki, ba sa fitowa su shiga haɗi sosai. Shi ya sa dangin nan suka zama wurin da ya fi dacewa a koyi ka'idar: caji ɗaya, fatar waje iri ɗaya, girma kaɗai ke motsi. Da kin fita daga gidan, wasu abubuwa na shigowa. Dubi Fe³⁺. Pikomita 64.5 ne, ya fi Al³⁺ girma, amma pKa ɗinsa wajen 2.2, ya fi Al³⁺ zama asid ninki ɗaruruwa. Ƙarfen nan ba jan oksijin kawai yake daga nesa ba, yana raba ilektiron da shi ta obital ɗin d. Sikandiyom ma ya zarce inda layin La zuwa Lu zai ajiye shi, kuma shi ya sa masana da yawa ke ware shi in ana maganar dangin.

Akwai kuma batun wane gwaji kika yi. Da pKa na farko Sc³⁺ ya riga Al³⁺. Amma ki zuba NaOH: Al(OH)₃ nan take yake narkewa, Sc(OH)₃ sai an kaurara. Da wannan gwajin, aluminiyom ne ya fi karkata ga asid. Ƙarfin bes ba lamba ɗaya ba ce da ke rubuce a goshin ƙarfe. Ana auna shi da pH na kwanciya, ko da Ksp, ko da zafin da kabonet da naitiret ke jurewa kafin su tarwatse, ko da ƙarfin kama ligan, wato sinadarin da ke manne wa ayon ɗin ƙarfe, kuma jerin kan ɗan sauya. Itiriyom kansa yana yawo: da girma yana gefen Ho, da ligan ɗin EDTA yana tsakanin Tb da Dy, a wasu gwaje-gwajen yana haurowa wajen Sm.

Ki kula da radiyos ɗin da kike sakawa ma. Duk lambobin da muka yi ta kawowa na teburin Shannon ne na 1976, a yanayin da maƙwabta 6 ke kewaye da ayon. A ruwa ba haka abin yake ba. La³⁺ da na kusa da shi ruwa 9 ke kewaye da su, daga wajen Tb zuwa Lu 8 ne, na tsakiya wajen Sm, Eu, Gd suna tsaka-tsaki. A yanayin 9, La³⁺ ya kai wajen 122. A yanayin 8, Lu³⁺ wajen 98 ne. In kika ɗauko lambar wani daga wannan shafi, ta wani daga wancan, lissafi zai ba ki abin da babu shi. Raguwar ruwan daga 9 zuwa 8 ita ma tana da tasiri, tunda caji +3 ɗin nan yanzu a kan ruwa kaɗan yake sauka.

A cikin dangin kuwa ka'idar na aiki har ana cin abinci da ita. Log K na EDTA, wato ma'aunin ƙarfin riƙonsa ga ƙarfe, yana tashi daga wajen 15.5 a La³⁺ zuwa wajen 19.8 a Lu³⁺, ninki fiye da dubu goma. Da irin wannan bambanci Frank Spedding da abokan aikinsa a Ames ta Amurka suka raba ƙarafan nan a shekarun 1940: a ɗora su a kan rezin cikin dogon bututu, a bi su da ruwan sitiret. Ƙaramin ayon ya fi kama ligan, sai ya saki rezin da wuri. Lu ne ke fara fitowa, La na ƙarshe. Kafin wannan, Charles James ya sake ƙanƙarar da gishirin tuliyom sau 15,000 kafin ya gamsu da tsarkinsa a 1911. Masana'antun yau da sinadaran fosfet narke a kananzir suke yi, irin su D2EHPA, kuma nan ma mai raunin bes ne ke riga shiga ɓangaren man. Tsakanin Pr da Nd bambancin girman bai kai pikomita ɗaya ba, 99 da 98.3, shi ya sa raba waɗannan biyun ke cin akwatunan gauraya da tacewa masu ɗimbin yawa a jere, alhali siriyom da yurofiyom sauya musu caji kawai ake yi a ware su.